Waifai ɗina ya ƙi isa gidan Hajiya, har abin ya fara taɓa zumunci

Wasiƙar wannan makon daga Makka ta zo, na ɗan rage mata tsawo:

"Assalamu alaikum Yaya. Ina zaune ta wajen Shara Mansur, an ja min faiba a gidana mai mega 200. Gidan Hajiyarmu yana sama da mu a kan dutse, na auna a taswirar waya wajen mita 80 ne, akwai lungu da gidaje biyu a tsakani, can babban Yayanmu yake da iyalinsa tare da ita. Na yi alkawarin kai musu intanet sabida kiran bidiyo da take yi da ƙanwarmu da ke aure a Kano, da karatun yara. Na sayi ripita har biyu, siginal yana nuna ya cika amma ko hoto baya buɗewa. Babban Yayan namu ya ce in sayi babbar rauta mai eriya takwas, wani maƙwabci kuma ya ce a haɗa da shi zai riƙa ba da wani abu duk wata. Yanzu matar Yaya ta fara cewa da gangan nake kashewa, wai ma ina iya ganin saƙonninsu. Riyal 700 ne a hannuna. Me zan saya? Ƙaninka."

Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah ya saka maka da alheri kan hidimar Hajiya, ya ƙara mata lafiya. Riyal 700 ɗin nan ka mayar da su aljihu tukuna, kar ka shiga shagon kowa, dan duk wanda ka je wajensa da kuɗi a hannu da wannan labarin sai ya samo abin da zai sayar maka, kuma yawanci wanda ya fi daɗewa a kan kanta ne yana shan ƙura. Abin da zai gaya maka me zaka saya a saman benenka yake, kuma kyauta ne. Zan zo kansa, amma bari in fara da ripitocin nan biyu dan kar kaga kamar sa'a ce baka yi ba ka je ka ƙaro na uku.

Ka san ladanin da ke jan kabbara bayan liman a Harami ko? To aikin ripita ke nan. Sai ya ji sannan ya maimaita, ba ya ji kuma yana faɗa a lokaci guda, shi yasa ripita mai rediyo ɗaya yake cinye wajen rabin gudun intanet ɗin tun ba a je ko'ina ba, ka sa na biyu a bayan na farko rabin ya sake rabewa. Wannan ma fa in yana jin liman da kyau ke nan. Naka kuwa yana bayan bangon bulo da kankare mai rodi a ciki, abin da yake ji daga rautarka guntu-guntu ne, sai ya ɗaga murya ya maimaita guntu-guntun da ƙarfinsa. Sandunan siginal da suka cika a wayar matar Yaya ƙarfin muryar ripita suke nunawa, ba ruwansu da ko yana da abin faɗa. Dan haka ita ba ƙarya take ba da ta ce baya yi, kai ma ba ƙarya kake ba da ka ce a kunne yake.

Ita kuma babbar rauta mai ƙahonni takwas, ka ba Yaya haƙuri cikin ladabi. Waifai hira ce ta mutum biyu, ko da rautar ta iya kwarara ihu har ɗakin Hajiya ai sai wayar Hajiya ta amsa, ita kuwa 'yar eriyar da ke cikinta ƙarama ce ga tattalin batir da take yi. Kamar kana kwance a ɗaki kana jin lasifikar masallacin unguwa tangaram, amsa mana ka ga ko ladan zai ji ka. Sannan eriyoyin nan kewaye suke watsawa kamar ƙwan lantarki a tsakar gida, kai kuma wuri ɗaya tak kake son haskawa, tocila ce maganinka. In mai shago ya ce ai wannan Wi-Fi 6E ce sabuwar fita, eh gaskiya ne Saudiyya ta buɗe 6 GHz ga waifai tun 2022 kuma a cikin falo abin yana gudu, sai dai duk yadda lambar nan ta hau haka ƙarfin keta bango yake sauka, 2.4 ta fi 5 keta bango, 5 ta fi 6. Kaga kuɗi mai yawa zaka zuba a abin da ya fi kowanne gazawa a aikin da kake so.

Yanzu hawa sama. Ka bari sai bayan isha'i siminti ya huce, kai ka hau naku, Yaya ko babban ɗansa ya hau na Hajiya, kowa da tocilar waya. Ka tsaya daidai inda kake ganin zaka iya kafa ƙarfe, ka ɗaga tocilar iya tsayin da na'urar za ta zauna, shi ma ya yi haka. In kuna ganin hasken juna fes babu abin da ya gitta to mafi yawan wahalarka ta ƙare, mita 80 wasan yara ce wajen na'urorin da zan gaya maka, dan kilomitoci aka ƙera su. Zaman gidan Hajiya a saman dutse ma taimakonka ya yi, tsallake gidaje biyun nan zai fi sauƙi.

Amma hango haske ta ɗan tsukin da ke tsakanin tankin ruwa da bango ba gani ba ne. Siginal baya tafiya siriri kamar zare, siffar ƙwallon dabino gare shi, tsukakke a bakin na'urorin biyu, kumburarre a tsakiyar hanya. A mita 80 kan 5 GHz kumburin nan ya ɗan haura mita ɗaya ta kowane gefe, kuma ƙa'idar masu aikin ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na wurin ya zama fili, wato ka samu kamar santimita 70 tsakanin layin da kake hange da kan bangon maƙwabci ko tankinsa. Tanki shi ne babban abokin gaba a saman gidajen ƙasar nan, ba gidan da babu shi kuma ruwa shanye siginal yake yi. Ka lura da injin esi na waje, da dish, da igiyar da mata ke shanya barguna, da ginin da ka ga rodi ya leƙo a kansa alamar mai shi yana da niyyar ƙara hawa ɗaya in ya samu kuɗi. In wani abu ya ɗan shigo layin, bututun ƙarfe mai mita biyu ko uku yakan warware maganar.

Na san wani mai karatu zai ce me ya hana a ja waya kawai. Yana da gaskiya, da bango ɗaya gidajen suka haɗa ko fili ɗaya ne naku da waya zan ce, babu na'urar iska da ta kai waya kwanciyar hankali. Sai dai wayar intanet ta tagulla iyakarta mita 100, kai kuma mita 80 ɗinka ta tsuntsu ce, kafin ta sauko ta bi bango ta zagaya ta sake hawa ta wuce ɗari, ga lungu wanda hanyar jama'a ce kar ka ja wa kanka magana da baladiyya wato hukumar gari, ga rufin mutum biyu da sai ka roƙa. Kuma haɗa gini biyu da tagulla buɗe wa tsawa hanya ne ta ƙone rauta nan da can, masu gida a manne faiba ya kamata su ja, ita gilashi ce bata ɗaukar wuta. 'Yan adaftocin nan da ake cusawa a soket su tura intanet ta wayar wutar gida ma ka manta da su, kowane gida da mitar wutarsa.

Abin da zaka saya na'ura biyu ce iri ɗaya, ta waje, masu kallon juna, 'yan shago suna ce musu CPE ko nano, farare ne basu fi tsayin silifa ba. Ɗaya a samanka ɗaya a saman Hajiya, basa magana da wayar kowa junansu kawai suke saurara, ka ɗauke su a matsayin wayar da ba a gani. A gidan Hajiya sai waya ta sauko daga tata zuwa wata 'yar rauta a cikin gida, ita ce za ta ba su waifai, ko mai araha ce ta isa. Ripitocinka kuma kar ka zubar, ɗaya ka kai can ya ƙarasa siginal daga falo zuwa ɗakin Hajiya, dama iya aikin da aka yi shi dominsa ke nan.

Ka ɗauki ta 5 GHz, kuma 5 ɗin nan ba 5G ta layin waya ba ce, suna ne kawai ya zo ɗaya mutane suke rikicewa. Akwai ta 2.4 irin CPE210, amma buɗe waifai a wayarka yanzun nan ka ƙirga sunayen maƙwabta nawa zaka gani, to 2.4 tashoshi uku kacal gare ta da basa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kowa a nan yake cunkushe kamar motoci a hanyar Mina ranar 8 ga Zulhajji.

Guda biyu na fi saka wa mutane a tazara irin taka, TP-Link CPE510 da Ubiquiti NanoStation Loco 5AC. Duka eriyarsu 13 dBi ce, wato ma'aunin ƙarfin eriya, duka an rubuta suna jure zafi har digiri 70. CPE510 a kwali an buga mata 300 Mbps da manyan baƙi amma ramin da ake saka mata waya mega 100 ne, dan haka ko me za a yi abin da zai isa gidan Hajiya ba zai wuce casa'in da 'yan kai ba, lambar kwali ado ce. Loco raminta na gigabit ne wato mega 1000, za ta iya ɗaukar mega 200 ɗinka in an saita ta da kyau, sai dai tsirara take zuwa babu akwatin wutarta a kwali, sai ka sayi guda biyu daban masu volt 24. Mutane nawa suka kai ta gida suna murna suka buɗe suka rasa inda za su jona. CPE510 ita da nata take zuwa.

Kowace a cikinsu farashinta a waje wajen dala 50 ne, dala kuma riyal 3.75 ce, ka ɗora harajin kashi 15 da ribar mai shago. Da ni ne kai CPE510 zan ɗauka, biyu da waya da bututu da 'yar rauta 700 ɗinka za ta iya ɗauka, Loco kuwa da akwatunan wutarta sai ka matse. Kuma tsaya ka duba me gidan Hajiya yake buƙata tukuna, kiran bidiyo mai kyau mega 4 ya ishe shi, YouTube mai 1080 mega 5, ko mutum goma suka zauna kowa da wayarsa casa'in ta ishe su har da saura. Ramin mega 100 ɗin nan da ake gani kamar aibi ni a wajenka alheri nake ganinsa, shi zai raba muku gardama ba tare da kowa ya buɗe baki ba, ko 'ya'yan Yaya sun kwana suna sauke wasanni gidanka yana da sauran mega ɗari da babu mai taɓawa, uwargidanka ma ba za ta fara nata ƙorafin ba.

Za ka ji ana yabon masu 60 GHz, irin Wireless Wire ta MikroTik da ke zuwa biyu a haɗe tun daga kamfani, ka jona kawai ta ba ka gigabit a tazarar da ta kai mita 200. Tana da daɗi wallahi, amma wajen dala 200 ce, riyal 750 ke nan kafin haraji, kuma bata da haƙuri ko kaɗan, abu kaɗan ya gitta ta yanke. Masu faranti kuma irin CPE710 mai 23 dBi, sa su a mita 80 kamar ka nemi tikitin jirgi ne daga Misfala zuwa Harami, ga kama iska da suke yi. Duk wacce ka zaɓa dai biyun su zama na kamfani ɗaya, kowane kamfani yana da yarensa na cikin gida, TP-Link suna ce wa nasu MAXtream, Ubiquiti kuma airMAX, basa jin juna.

Wutar na'urar ta cikin wayar intanet ɗin take hawa, ba sai ka kai soket sama ba. Ɗan akwatin yana da rami biyu, wanda aka rubuta POE shi ke zuwa sama, wanda aka rubuta LAN shi ke zuwa rauta, kar ka juya su. Kar kuma ka ari akwatin wata na'ura dan ka ga ramin ya shiga, akwai masu volt 48, ka jona wa mai 24 shikenan sai wari. Na CPE510 yana kai wuta har mita 60 na waya, ya ishe ka. Shi akwatin a cikin ɗaki zai zauna, na'urar ce ke jure digiri 70 ba shi ba, kuma kai ɗan Makka ne ba sai na gaya maka ba, a hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Harami, to ka ƙiyasta cikin akwatin ƙarfe a saman bene da azahar.

Inda na fi so ka buɗe ido shi ne waya, dan a nan ni aka taɓa cin kuɗina da mutuncina. Shekarun baya a Jidda, a wata unguwar da rusau ya riga ya cinye, na haɗa wa wani dattijo gidansa da na ɗansa, aiki ya yi kyau na karɓi kuɗina har da addu'a. Sati biyu sai kira, kullum da rana tsaka abin sai ya mutu ya tashi ya mutu ya tashi, da magariba kuma lafiya lau kamar ba shi ba. Na canza na'ura, na canza akwatin wuta, na zargi tankin maƙwabci, dattijon nan har ya fara kallona irin kallon nan na yaro anya ka iya. Ashe wayar ce, na saye ta da araha a wani shago an rubuta Cat6 a jiki, da na fere ta na kankare silin da wuƙa sai ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa tagulla a baya. Irinta ake ce wa CCA, bata ɗaukar wuta kamar tagulla, in rana ta gasa ta abin ya ƙaru wutar da ke isa sama ta gaza. Dan haka ka ce a ba ka tagulla zalla, baƙa mai kauri ta waje wadda rana bata fasa rigarta, ka kankare bakin a gaban mai shagon ba kunya. Farar ko tokar nan ta cikin ofis shekara ɗaya biyu a ranar Makka za ta fara marmashewa a hannunka.

Ɗauri ma haka, 'yan robobin nan farare na zugewa rana tana busar da su su karye, ka ƙara da maɗaurin ƙarfe mai kusa, bututun kuma a kafe shi a bango da kyau. Makka bata cika ruwa ba amma ranar da ta tashi ka sani, ka tuna iskar watan Agustan 2023 da ta riƙa ture mutane a harabar Harami da hotunan tsawa tana sauka kan hasumiyar agogo. Kar na'urarka ta zama ita ce abu mafi tsayi a layin in ba dole ba, in da hali ka sa 'yar na'urar kariyar tsawa a wayar kafin ta shiga gida, kuma wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga huji dan ruwa ya ɗiga a waje kar ya biyo ta ciki.

Saitin kuma a falo zaka yi shi kana zaune da shayinka, kar ka hau sama sai ka ga suna magana da juna. Ka jona ɗaya a kwamfuta, adireshin shiga saitin CPE510 na farko 192.168.0.254 ne, duka biyun da shi suke zuwa dan haka ka canza wa ta biyu lambar ƙarshe in ba haka ba su yi karo. Ta gidanka ka zaɓa mata Access Point, ta gidan Hajiya Client. Wurin ƙasa ka zaɓi Saudiyya tsakani da Allah, wasu suna zaɓar wata ƙasa wai dan ƙarin ƙarfi, alhali wasu tashoshin 5 GHz da na'urorin rada ake raba su, zaɓin ƙasar ne ke sa ta tsaya inda hukumar sadarwa ta yarda, kai kuma ba ƙarfi ne ya dame ka ba, yawa ma zai yi maka. In kun kafa kun saita fuska da fuska ka duba lambar siginal, tsakanin -50 da -60 shi ne daidai, in ka ga irin -30 ka rage ƙarfin duka biyun, mutum biyu ne a ɗaki ɗaya suna yi wa juna ihu a kunne. Ka kunna makullin tsaro na WPA2 da doguwar kalmar sirri, ta shiga saitin ma ka canza ta daga wadda ta zo da ita.

Kafin ka hau da bututu a kafaɗa ka sanar da mai gidan in haya kake, ka kuma bi gidaje biyun nan na tsakani ka yi sallama. Farin akwati a kan sanda yana kallon saman gidan mutum inda iyalinsa ke shan iska da dare, duk wanda ya gani kyamara zai fara kawowa a ransa, kuma bai yi laifi ba. Ka kai musu ita a hannu su juya su ga babu ido a jikinta, ka gaya musu ranar da zaka hau dan mata su kimtsa.

Sai maganar matar Yaya, wadda inaga ita ta fi hana ka barci ba eriya ba. Akwai gyaran da na'ura za ta yi maka a nan. Wayar da ta sauko a gidan Hajiya ka saka ta a ramin WAN na rautarsu, ka bar ta ta yi aikinta na rauta da lambobinta daban da naka, in naka 192.168.1 ne nasu ya zama 192.168.2. In ka haɗe ku duka a shabaka ɗaya wato netwok ɗaya za ka wayi gari yaron Yaya ya tura katun kan talabijin ɗin falonka daga can, su ma suna ganin sunayen kayan gidanka kana ganin nasu. In ka raba kuwa abin da zaka gani a wajenka rauta ɗaya ce tak da yawan abin da ta sha. Saƙon WhatsApp tun 2016 a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya, mai rauta baya karanta shi, shafin banki ma haka. Iyakar abin da mai layi zai iya gani in ƙwararre ne kuma ya nace shi ne sunan shafin da aka shiga, ba abin da aka rubuta ba, wannan ka faɗa wa Yaya yadda yake kar ka rantse kan abin da ya wuce haka.

Ranar da aka gama, ka miƙa wa Yaya wayarka ko kwamfutar ya rubuta sunan waifai ɗin da kalmar sirrinsu da hannunsa kai kuma ka juya baya, a gaban Hajiya in da hali. Ni da zan so ma shi ya sayi 'yar rautar da kuɗinsa, ta zama tasa, babba baya son a ce komai ƙaninsa ne ya yi masa ko bai faɗa ba, kuma shawararsa ta mai eriya takwas da ka ƙi ɗauka sai ta samu inda ta fake. Ita kuma matar tasa kar ka tsaya kare kanka a gabanta, ai matar wa abokiyar wasa ce, ka ce mata ga shi nan an ba Yaya makulli in ya mutu shi za ta tuhuma, a yi dariya a wuce. Amma ka gaya musu tun yanzu, in wutar gidanka ta ɗauke ko kamfani ya samu matsala ko ka makara biyan fatura wato kuɗin wata na layin nasu ma zai tsaya. Kuma soket ɗin ƙasar nan mai makunni ne a jiki, ina kyautata zaton wani kashewar da ake zarginka da shi yaro ne ko mai shara ta danna, ko wani ya zare ya saka caja. Ka manna salatif a kan makunnin rauta da na akwatin wuta a gidajen biyu, ka koya wa babban yaron can duba fitilun jikin akwatin kafin a kira ka.

Kuɗin wata kuwa ka yanke shi sau ɗaya. In dan Hajiya ka yi ka ce dan Hajiya ne kar ka karɓi ko halala ɗaya, in kuma nauyin ya yi maka yawa ka faɗi adadi a fili tun kafin a kafa bututu, wanda ake cewa a bayar da abin da ya sawwaƙa shi ke dawowa ya zama gaba bayan wata shida.

Maƙwabci ka ba shi haƙuri. Layin nan da sunanka da lambar igamarka wato katin zamanka aka buɗe shi, duk abin da aka aikata ta cikinsa ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, ƙasar nan kuma tana da dokar laifukan intanet tun 2007 ba wasa ake da ita ba. Sayar wa jama'a intanet aikin mai lasisi ne, daga ranar da ka karɓi riyal ɗinsa na farko ka tashi daga mai taimakon mahaifiyarsa ka koma ɗan kasuwa, kuma ka zama wanda za a buga wa ƙofa ƙarfe ɗayan dare ana kallon ƙwallo ya tsaya. Ka ce masa layin na iyali ne kuma da sunanka yake, ya isa, mai hankali zai gane. Kai ma na gidan Hajiyar ka ɗauko sharuɗɗan da ka sa wa hannu wajen kamfani ka karanta abin da suka ce kan fitar da layi wajen adireshin da aka yi rajista, ko ka kira su ka tambaya kafin ka kashe kuɗin.

In kuma kun hau da tocila baku ga juna ba ko da ƙarin bututu, to kar ka sayi CPE ɗin da fatan za ta keta, ba za ta keta gini biyu na kankare ta ba ka abin kirki ba. A nan gara ka sai wa Hajiya rauta mai sim nata na kanta ka riƙa biya mata, ko a duba ko akwatin faiba ya iso layinsu. In kuwa abu ɗaya ne kawai ya tare, tanki ko guntun bango, ka sake rubuto min ka gaya min tsayinsa da nisansa daga samanka da kuma na wane ne, sai mu ga ko bututu za a ƙara ko kusurwa za a canza.